Jar kwaltar Utrecht: ku biyo ni mu kai Ummi makaranta a kan keke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ƙarfe takwas saura kwata a nan Utrecht, ƙasar Holan, kuma da yake lokacin sanyi ne agogonmu ɗaya da na Kano, sai dai a nan gari bai gama wayewa ba. Wayar na ɗaure ta a kan sitiyarin keke, shi ya sa za ku ga hoton yana ɗan girgiza. Tun watan Yulin 2019 doka ta hana riƙe waya a hannu kana tuƙa keke, in aka kama ka tara ce.

Ummi, kin kunna fitilarki? Ta bayan fa? To, bismillah, shige gaba, ina biye da ke.

Wannan 'yata ce, shekararta goma. Ranaku da yawa ita kaɗai take tafiya tare da ƙawayenta, yau don in nuna muku hanyar na rako ta. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya cewa jikarta tana hawa titi ita kaɗai, sai da ta yi salati ta ce me ya same ni. Ban ga laifinta ba, titin da ta sani take tunawa. To bari ku ga wanda Ummi ta sani.

Ku dubi ƙasa. Kun ga kwaltar ja ce? Duk inda kuka ga wannan launi, hanyar keke ce. Tsakaninmu da motoci akwai dakali, ga bishiyoyi a jere, sannan titin mota. Mai tafiya a ƙafa kuma nasa na can gefen gidaje. Kowa da rabonsa.

Bari mu tsaya a wannan mararraba, don a nan hikimar take. Kun ga hanyarmu ba ta miƙe tsaye ba, ta ɗan karkata ta yi nesa da babban titi kafin ta tsallaka. Wannan 'yar tazarar ta isa mota ɗaya ta tsaya. Direban da zai yi kwana dole ya rage gudu, don kwanar a matse aka yi ta, kuma kafin ya iso inda muke ya riga ya juyo yana fuskantarmu, ido cikin ido, ba ta madubi yake laluben mu ba. Ga waɗannan fararen zane masu kusurwa uku a ƙasa, mutanen nan suna ce musu haƙoran kifi. Duk wanda tsinin ya nuna shi, shi zai dakata. Yanzu tsinin yana kallon motar, ku ga yadda ta tsaya wa Ummi. Ba don direban waliyyi ne ba. Titin ne aka gina yadda ko ya yi kuskure, ko yarinyar ta yi, abin ba zai kai ga rasa rai ba.

Da na zo ƙasar nan na ɗauka haka Allah ya halicce su, mutanen keke. Ƙasa a shimfiɗe, babu tudu, sai na ce ai shi ke nan dalili. Ashe ba haka ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya shigo, kowa ya sayi mota, aka shiga rushe gidaje ana faɗaɗa tituna, ana mayar da filayen cikin gari wurin ajiye motoci. Masu tsara birane na lokacin suna ganin keke kayan jiya ne, zai mutu da kansa. A shekarar 1971 mutane kusan 3,300 suka mutu a kan titunan Holan, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Yara fiye da ɗari huɗu a shekara ɗaya, jama'a, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su kai miliyan 14 ba.

Cikin yaran har da 'yar wani ɗan jarida, Vic Langenhoff. Ya yi rubutu a jarida da wani kanu mai nauyi, Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. Bai ce haɗari ba, kisa ya ce. Wannan kalma ita ta zama sunan ƙungiya, iyaye mata suka shige gaba, wata matashiyar uwa mai suna Maartje van Putten ta shugabance su, wadda daga baya ta zama 'yar majalisar Tarayyar Turai. Sukan tare titi su jera tebura su ci abinci a tsakiyarsa, yara suna wasa a inda mota ta saba wucewa. Har gidan Firaminista Joop den Uyl suka je a kan kekuna, ya fito ya saurare su. Ana cikin haka, a 1973, ƙasashen Larabawa suka hana Holan man fetur saboda goyon bayan da take ba Isra'ila, gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wasu makonni. Maƙwabciyarmu, dattijuwa ce, ta ba ni labarin yadda ita da 'yan uwanta suka hau babbar hanya da kekunansu a irin wannan Lahadi, ba ƙarar komai sai muryoyinsu. Ta ce a ranar ta fara sanin yadda garinsu yake in an ɗauke motoci. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, Fietsersbond, tana nan har yau, kuma ni ma ina biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya.

Ummi, a hankali, danja ta nuna ja. Yawwa.

Akwai dalilin da ya sa labarin nan yake taɓa ni. Ina aji biyu a sakandare, abokina da muke zama benci ɗaya ya ari keken yayansa zai je Islamiyya da la'asar. Mota ta kwashe shi a bakin titi, ko asibiti ba a kai ba. Na tuna an jingine keken a zauren gidansu, tayar gaba ta lanƙwashe, jakar littattafansa tana ɗaure a baya ba a ko kwance ta ba. Aka yi zaman makoki, aka ce ƙaddara ce, Allah ya jiƙansa. Ƙaddara ce, na yi imani da haka, kwanansa ne ya ƙare. Amma bayan shi an sake kaɗe wasu a daidai wannan wuri, kuma ban taɓa jin an taru an ce a gyara wurin ba. Mu da aka koya wa mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Iyayen nan na Holan sun yi kuka kamar yadda iyayenmu suka yi, sannan suka tashi suka ce titin ne yake da laifi, a sake shi. Duk lokacin da na ga Ummi ta tsallaka mararraba lafiya, yaron nan nake tunawa.

Mun iso layin makaranta. Ba zan nuna ginin ba saboda yaran mutane. Amma ku kalli nan, don ku san a Holan ma aiki bai ƙare ba. Layin ƙarami ne, babu jar kwalta, kuma da safe wasu iyaye suna shigowa da mota har bakin ƙofa, su tsaya a gicciye, su yi baya yara suna giftawa. Watan jiya wata mota ta yi baya ta taka tayar keken wani yaro ɗan shekara shida, Allah ya kiyaye ya diro. A gabana aka yi. Tun ranar muka haɗu mu iyaye, muna neman a riƙa rufe layin ga motoci na rabin awa da safe da rabin awa lokacin tashi, kamar yadda aka riga aka yi a wasu makarantu. Mun bi gida-gida muna karɓar sa hannu. Wasu sun ba mu da murna, wasu sun ce mu je mu ji da harkar gabanmu, wani dattijo kuma ya ce shi da ƙyar yake tafiya, in an rufe yaya za a ɗauke shi zuwa asibiti. Maganarsa gaskiya ce, muka rubuta a takardar cewa mazauna layin da marasa lafiya a bar musu hanya. Ni da yaren nasu bai gama zama a bakina ba, da shi nake ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ana saurarona.

Sauka lafiya, Ummi. Ki kulle keken da kyau, har da sarƙar. Allah ya ba da sa'a.

In bazara ta zo za su yi jarrabawar hanya. A nan yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu ana gwada su a kan dokokin titi a rubuce, makarantu da yawa kuma suna fitar da su kan keke su bi gari, iyaye suna tsaye a kwana-kwana da takarda suna duba wanda ya miƙa hannu kafin ya juya. Na riga na ba da sunana. Wani abu kuma da ya kamata ku sani: in mota ta kaɗe yaron da bai kai shekara 14 ba, a dokarsu ɓangaren mai motar ne ke ɗaukar diyya, ko da yaron ne ya yi kuskure. In babba ne a kan keken, akalla rabi. Hujjarsu ita ce wanda yake tuƙa ƙarfe mai nauyi shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin haɗarinsa.

Yanzu mu miƙa cikin gari. Kun ga wannan ruwan da ke hannun dama, da kwale-kwale a ciki? Sunansa Catharijnesingel. Tsohon magudanin da ya kewaye birnin ne, kamar yadda ganuwa ta kewaye Kano. Wajen 1970 aka cike wannan ɓangaren da ƙasa aka shimfiɗa babbar hanyar mota a kai. Shekaru suka tafi, mutanen gari suka ce ba su yarda ba, aka fasa kwaltar aka sake haƙa, a 2020 ruwa ya dawo. Gani ya kori ji, ga shi nan agwagi suna iyo a inda motoci suke tsere da.

Nan kuma Vredenburg, hanyar keken da ta fi kowace cunkoso a ƙasar, sama da mutum 30,000 suke bi a rana. Ku saurara, ƙarar sarƙa ce kawai da ƙararrawa. Ga mai kwat da jakar ofis, ga uwa da yara biyu a cikin akwatin gaban keke, ga dattijo da furanni a kwando, ga 'yar uwa da hijabinta. Ba mai kallon wani. Kekuna a ƙasar nan sun fi mutane yawa, kusan miliyan 23 ne ga mutum miliyan 18. Matanmu da suka zo da girmansu ba su iya ba, akwai azuzuwan koyon keke a unguwanni, kuma a Amsterdam wata 'yar Gana da ake kira Mama Agatha ta yi suna wajen koya wa mata baƙi. Maman Ummi a irin wannan aji ta koya, yanzu da shi take zuwa cefane.

Kada ku ɗauka aljanna ce. A 2022 masu keke 291 suka mutu a Holan, da yawansu tsofaffi. Kekunan lantarki sun ƙara gudu, ga wasu masu ƙatuwar taya da samari suke fyaɗawa a guje a cikin jar kwaltar, har ni gabana yana faɗuwa in sun wuce. Yawancin mutane ba sa saka hular kwano, ana ta muhawara a kai. Ni dai na saya wa Ummi. Amsterdam kuma tun Disambar 2023 ta mayar da iyakar gudun mota kilomita 30 a awa a yawancin titunanta, kuma sai da aka sha surutu kafin a kai ga haka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ma mutanen keke ne. Mahaifina da Raleigh ɗinsa ya yi shekaru yana zuwa koyarwa, kullum Juma'a sai ya goge shi ya zuba masa mai. Malamai, ma'aikata, masu kai nono da kayan gwari kasuwa, duk keke ne. Sai muka mayar da shi alamar talauci, wanda ya samu ya sayi babur, mai babur yana harin mota. A 2001 ministan sufuri na Najeriya, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran mutane su koma keke, aka yi ta yi masa dariya, har wata bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa. Ni a ganina maganarsa daidai ce, hanyar ce ba a yi ba. Na san za ku ce rana, kuma gaskiya ne, zafin Afrilu a Kano ba wasa ba ne. Amma yaran da ke zuwa makaranta da sassafe a kan keke suna nan yau ɗin nan, tsakanin tirela da adaidaita sahu, kuma bishiyar da za ta yi musu inuwa da dakalin da zai raba su da mota ba su kai kuɗin gadar sama ɗaya ba.

Ga mu a tashar jirgin ƙasa. Wannan da muke gangarawa ciki shi ne wurin ajiye keke mafi girma a duniya, yana ɗaukar 12,500, hawa uku, an kammala shi a 2019. A kan keken ake shiga, ba a sauka. Allunan can suna nuna layin da ke da gurbi, kuma awa 24 na farko kyauta ne. Bari in ɗaga nawa in ɗora a layin sama, in ɗauki hoton lambar don kada in manta inda na bar shi.

Yau da ƙarfe bakwai na dare muke da zama da mutanen ƙaramar hukuma a kan maganar layin makarantar, takardar sa hannun tana cikin jakata na naɗe ta a leda saboda ruwa. Ni aka ce in faɗi abin da na gani ranar da motar ta taka keken yaron. Ku taya mu da addu'a. Jirgina saura minti huɗu, sai na dawo muku da yadda muka yi.