Bedi, toka da leda: lacca kan dabbobin gida a Tawa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa kan dabbobin da ke kwana gida ɗaya da mu: kare, kyanwa, tantabaru, da ragon da Hajiya ke turkewa don layya.

Na farko ƙwari, wato kaska da ƙuma. Don Allah a daina shafa wa kare baƙin man mota, a daina fesa masa fiya-fiya. Lasar jikinsa yake yi, gubar ta wuce ciki, kyanwa kuwa ta fi shi saurin faɗuwa. Ga bedi a kowane lungu. A dafa ganyen, ya huce, a yi wa kare wanka, ban da ido. Tantabaru da kaji a zuba musu toka da rairayi su yi birgima.

Na biyu leda. Jama'a, leda! Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farka tumbi. Rago ya shinshina ledar ƙosai, ya ji mai da gishiri, ya haɗiye. Ba ta narkewa. Tana nan cikin tumbi, wata ta zo ta naɗe da ita, har su zama dunƙule. Sai ka ga ciki tulu guda, baya ƙashi zalla, ga harawa a gabansa ya ƙi ci. Mai gida ya ce maita ce. Wane maye, Alhaji? Ai mayen daga kasuwa aka ɗauko shi a hannu! Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda, amma ku dubi ƙayoyin bakin gari da rani. Kuma in ta taru babu jiƙon da ke fitar da ita, sai fiɗa ko wuƙa. Babu, na ce babu. Ku tafi cefane da kwando, ku share wajen turke, ku ba shi dusa da ƴaƴan gawo, ku ajiye masa ƴar kanwa, don ƙwaɗayin gishiri na cikin abin da ke kai shi bola.

Na uku ruwa da inuwa, musamman a watan Afrilu. Karen Azawak kuma haka Allah ya yi shi siriri, kada a ɗura masa tuwo.

Na'am, Malam? Ya ce ko akwai ganyen da ke maganin haukan kare. Babu, Malam, kuma nan kada kowa ya yi gwaji. Allurar rigakafi ce, wajen likitan dabbobi. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti ranar nan, ko da cizon ƙarami ne. In aka jira har alamu suka fito, kusan ba a tashi.