Amsoshin Tambayoyinku: Sauya aniyon ba tare da rushe kiristal ba

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Wata ɗaliba daga Zariya na tambayar girman nanomita. Mita ɗaya ce a raba gida biliyan. Wannan yana littafinki, 'yar'uwa, a riƙa buɗe shi. Dakta, wasiƙu da dama sun zo kan abu guda: yaya ake cire aniyon, wato ƙwayar zarra mai cajin negatif, daga 'yar mitsitsiyar ƙwayar kiristal, a sa wani, siffarta ba ta lalace ba?

Dakta: To, da ma aniyon ƙato ne, ba ya son motsi. Shi ya sa idan aka mai da ZnO (zinc da oksijin) zuwa ZnS (zinc da sulfa), sau da yawa ƙwayar kan fito da rami a ciki. Amma a 2015 masu bincike a Zurik ta Suwizalan da Janowa ta Italiya suka nuna cewa CsPbBr3, kiristal na siziyom da dalma da bromayid, daban yake. Siziyom da dalma suna zaune daram kamar ginshiƙan ɗaki, bromayid kuwa, wanda shi ne aniyon ɗin, yana bi ta guraben da babu kowa yana fita. Ka zuba ƙwayoyin cikin toluwin, wani sinadari mai kama da ruwa, wanda babu laima a cikinsa, ka riƙa ɗiga gishirin ayodayid na oleyilamoniyom, wanda zai ba da sabon aniyon, kana juyawa, fitilar UV mai sa ƙwayoyin su yi haske a kunne. Yayin da ayodayid ke maye gurbin bromayid, cikin daƙiƙu koren hasken ƙwayoyin, mai tsawon zango nanomita 515, zai koma ruwan lemo, sannan ja, wajen 690. In kulorayid ka ɗiga, shuɗi zai nufa, har kusan 410, sai dai hasken kan dushe.

Mai gabatarwa: A maimaita don masu rubutawa: kaɗan-kaɗan, ba a juye shi gaba ɗaya.

Dakta: Ƙwarai. Kuma ba a tsallakawa daga kulorayid zuwa ayodayid kai tsaye. Rabin faɗin kulorayid fikomita 181 ne, na bromayid 196, na ayodayid 220; fikomita dubu ne nanomita ɗaya. Tazarar ta yi yawa, dole a bi ta bromayid. Ruwa kuma haram. Laima kaɗan ta isa mai da CsPbI3 ja, wato wanda ayodayid ya shiga, zuwa rawaya marar haske. Itanol in ya yi yawa yana ɗaye wani sinadari mai maiƙo da ke lulluɓe ƙwayoyin, sai su dunƙule.

Mai gabatarwa: Wani daga Maraɗi ya ce ta yaya za a tabbatar siffar na nan?

Dakta: Launi kaɗai ba hujja ba ne, a ganina ɗalibai sun cika yarda da ido. A kai ƙwayoyin na'urar XRD, mai amfani da X-ray ta nuna tsarin kiristal a matsayin layuka. In layukan sun gusa kaɗan ba tare da sababbi sun ɓullo ba, an dace. Kuma kada a haɗa ƙwayoyi kore da ja a kwalba ɗaya, musayar aniyon za su yi da junansu...

Mai gabatarwa: Dakta, agogo ya ci mu. A sa safar hannu, akwai dalma a ciki. Sai mako mai zuwa.