Wa Zai Tsaya Maka a Gaban Google? Lacca kan Mahaɗa da Shafukan Ƙananan 'Yan Kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji? To madalla.

Maganarmu ta yau a kan mahaɗa ce, abin nan da samari ke kira linki, wato rubutun da in ka latsa shi zai ɗauke ka daga wani shafi ya dire ka a wani. Wadda ta dame mu ita ce mahaɗar da ke zaune a shafin wani mutum tana nuno naka shafin. Duk wanda ya taɓa neman bashin kaya a Kwari ko Singa ya san tambayar farko da ake yi wa baƙo: wa ya san ka, wa zai tsaya maka? Google ma wannan tambayar yake yi wa shafinka, sai dai shi a mahaɗa yake neman amsa.

Abin ya samo asali ne daga Jami'ar Stanford da ke Amurka. A 1996 wasu ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka fara gwada wata dabara, wadda ta zama kamfanin Google a 1998. Injinan binciken da suka riga su sun fi dogara da kalmomin da mai shafi ya rubuta da hannunsa, kuma kun san ba mai cewa miyarsa ba daɗi. Su kuwa sai suka ce a duba abin da wasu ke faɗa a kan shafin. Kowace mahaɗa ta zama shaida. Dabarar, wadda suka sa wa suna PageRank, ba ƙidaya shaidu kawai take yi ba, auna su take yi. Shafin da shi kansa manyan shafuka suka nuna, shaidarsa na da nauyi. Kuma nauyin nan rarrabuwa yake yi: shafin da ya nuna wurare biyar, kowanne zai sami kaso mai tsoka, wanda kuwa ya jera mahaɗa ɗari biyar, abin da zai iso maka bai taka kara ya karya ba. Ku riƙe wannan, don shi ne zai fayyace muku dalilin da ya sa mahaɗar sayarwa ba ta da albarka.

Gaskiya ne yau Google na duba abubuwa da yawa ban da wannan, kuma jami'ansa sun sha faɗa cewa nauyin mahaɗa ya ragu a kan da. Amma har gobe ta mahaɗa yake bi yana gano sababbin shafuka, kuma in shaguna biyu sun yi kunnen doki a sauran abubuwa, wanda aka fi tsaya wa shi ke hawa sama.

Kafin mu yi nisa, akwai wani gyara. Da yawanmu ba mu da shafi na kanmu, sai Facebook da Instagram da lambar WhatsApp. Waɗannan suna kawo ciniki, ba musu. Amma in jarida ta yi labarinka ta sa mahaɗa zuwa Instagram ɗinka, ka yi wa gidan haya fenti ne. Sai kana da adireshi naka, ko mai ƙarewa da .com ko .com.ng ko .ng, sannan shaidar za ta taru a gidanka. Kuma don Allah a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya gina maka shafin ba. Kuɗin adireshi shekara-shekara ake biya. In wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, wani zai iya saye, duk shaidar da ka tara ta koma hannunsa. Akwai masu farautar irin waɗannan adireshi da gangan, su mayar da su shafin caca.

To ina ƙaramin ɗan kasuwa zai samo mahaɗa? A nan nake so mu ɗan daɗe.

Mu ɗauki mai haɗa wutar sola a Kano, yana da shago da yara uku. Ba ya bukatar jaridar Amurka ta ambace shi. Abokan takararsa a Google masu sola ne na garinsu, kuma galibinsu ba wanda ya taɓa nuna shafinsu. A irin wannan fage mahaɗa goma masu kyau kan isa a ga bambanci. Ya ɗauki takarda ya rubuta duk wanda hulɗa ta haɗa su kuma yake da shafi. Kamfanin da yake saro batir da farantin sola a wajensa: da yawa irin waɗannan kamfanoni suna da shafin jerin dilolinsu na kowace jiha, sai ya nemi a saka shi tare da adireshin shafinsa. Makarantar da ya haɗa wa wuta, asibitin kuɗi, otal, gidan gona mai ban-ruwa. Ƙungiyar sana'arsa, da cibiyar 'yan kasuwa ta jiha irin su KACCIMA in shi mamba ne. Baje kolin da ya kama rumfa a ciki, in ana wallafa sunayen mahalarta. Cibiyar koyar da sana'a da take turo masa ɗalibai. In ya zauna da kyau zai fitar da sunaye ashirin zuwa talatin.

Sannan ya riƙa tuntuɓar biyar a mako. Ba saƙon gama-gari ba, kuma ba ga akwatin imel ɗin da ba mai buɗewa ba. Ya nemi mutumin da ke kula da shafin, ya sauƙaƙa masa aikin: "Ranka ya daɗe, mu ne muka haɗa muku sola a bara. Ga hotuna uku na aikin da bayani layi huɗu. In za ku saka a sashen labaranku, ga adireshinmu." Ka ba shi abin da zai kwafa ya liƙa cikin minti biyu. Mafi yawa ba za su amsa ba. Bayan mako guda ka tuna musu sau ɗaya, daga nan ka ƙyale su.

Akwai wata mai sauƙi da ake mantawa. Rubuta sunan shagonka a Google tsakanin alamomin zance, ka ga inda aka ambace ka ba a sa mahaɗa ba. Wanda ya riga ya rubuta sunanka, roƙonsa ya mayar da sunan abin latsawa ba wuya.

Hanya ta biyu ita ce ka ajiye wani abu a shafinka da mutane za su so su nuna. Ba mai nuna shafin da ke cewa "mu ne kan gaba wajen inganci". Amma a ce mai solan nan ya yi shafi guda da Hausa: fanka biyu, ƙwan fitila shida, firji ɗaya, faranti nawa ake bukata, batir nawa, me ke kashe batir da wuri, me ƙurar hunturu ke yi wa faranti in ba a goge ba. Wannan malamin makarantar fasaha zai iya tura ɗalibansa, ɗan jarida mai rubutu kan matsalar lantarki zai iya kafa hujja da shi. Kuma da yake irin wannan bayani da Hausa ƙalilan ne a intanet, wanda ya rubuta shi da kyau ya sami fili ba cunkoso.

Yanzu yadda za ka gane mahaɗa mai amfani. Tambayoyi uku sun wadatar. Shafin yana da alaƙa da sana'arka ko garinka? Mutane na gaske na karanta shi? Mahaɗar a tsakiyar bayani take, ko an cusa ta a ƙasan shafi cikin tarkace? Sai abu na huɗu, na fasaha. Tun 2005 akwai wata alama da mai shafi kan liƙa wa mahaɗa, ana rubuta ta nofollow, ma'anarta: na nuna wurin nan amma ban tsaya masa ba. An ƙirƙiro ta ne saboda masu cika gurbin sharhi da talla. A 2019 Google ya ƙaro biyu, sponsored ga mahaɗar da aka biya kuɗi, da ugc ga wadda masu ziyara suka saka. In kana kan kwamfuta, buɗe shafin, danna Ctrl da U, rubutun cikinsa zai bayyana, danna Ctrl da F ka nemi adireshinka, ka duba ko ɗaya daga kalmomin nan na kusa da shi. Mahaɗar Wikipedia da ta yawancin shafukan sada zumunta suna ɗauke da irin wannan alama. Ba a raina su, don suna kawo mai saye, amma kada wani ya karɓi kuɗinka a kan zai watsa adireshinka a sharhi dubu.

Sai kalmomin da aka rataya mahaɗar a kansu. Google na karanta su don ya fahimci abin da ke can. In mutane ne suka nuna ka don ra'ayin kansu, wani sunan shago zai rubuta, wani adireshin tsurarsa, wani ya ce "duba nan". Amma in shafuka hamsin duk suka rubuta "sola mai araha a Kano" harafi da harafi, ko yaro ya san baki ɗaya ne ya kitsa. Ka bar mutane su kira ka da sunanka.

Wannan ya kawo mu ga masu tallar mahaɗa dubu a kan kuɗi kaɗan. Araha ba ta ado, jama'a. Ƙa'idar Google a fili take: sayen mahaɗa ko sayar da ita don a hau sama laifi ne, haka ma musayar "nuna ni in nuna ka" in ta yi yawa. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa katafaren kantin nan na Amurka, J.C. Penney, yana zama na ɗaya a binciken riguna da kayan gado da kujeru saboda dubban mahaɗa da aka dasa a shafukan da ba ruwansu da kayan. Kamfanin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami waɗanda ya ɗauka aikin. Duk da haka Google ya hukunta shi: a wani bincike ya faɗo daga na 1 zuwa na 71 cikin sa'o'i biyu. A 2013 Interflora, mai sayar da furanni a Birtaniya, ya ɓace na ɗan lokaci ko da sunansa ka nema, bayan tallace-tallacen da ya biya a jaridu masu ɗauke da mahaɗa. Waɗannan suna da kuɗi da ma'aikatan da za su tashe su. Mai shago guda fa?

A Afrilun 2012 Google ya fito da tsarin da ya kira Penguin don kama irin wannan aiki. Daga 2016 tsarin ya koma watsi da mahaɗar banza maimakon ya danne shafin gaba ɗaya. Don haka abin da ya fi faruwa yau shi ne ka biya kuɗi, a turo maka dogon jeri, ba abin da ya motsa. In abin ya yi muni, ma'aikacin Google ya sa maka hukunci da hannu. Masu wannan talla sukan nuna maka wani maki, su ce shafinsu na da 60 ko 70. Makin nan na kamfanoni ne irin su Moz da Ahrefs, ƙiyasinsu ne, Google ba ya aiki da shi, kuma ana iya kumbura shi da dabara. Ka buɗe shafin da idonka. In ka ga yau labarin caca, gobe maganin ƙarfin maza, jibi inshorar mota, ka san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

In kuwa ka ɗauki nauyin gasar ƙwallon unguwa ko ka biya jarida ta yi maka talla, ba laifi. A sa wa mahaɗar alamar sponsored, shi ke nan.

Kayan aikin da kake bukata kyauta ne: Google Search Console. Ka yi rajistar shafinka, ka shiga sashen mahaɗa, zai nuna maka shafukan da suka fi nuno ka, da waɗanne shafukanka aka fi nunawa, da kalmomin da aka yi amfani da su. Akwai kuma sashen da ake sanar da hukunci in an yi maka. Sau ɗaya a wata ya isa. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne mahaɗar da ta mutu. Sau da yawa ana sabunta shafi, a canza adireshin ɓangarorinsa, sai wanda ya biyo tsohuwar mahaɗa ya tarar da lamba 404, wato babu kowa a gidan. Shaidar da ka sha wahala ka samo ta zube ke nan. Maganinsa turawa mai lamba 301, wadda ke cewa an koma can dindindin. Kafin a taɓa shafinka, ka sa mai aikin ya rubuta tsofaffin adireshi duka, kowanne a haɗa shi da sabon da ya yi daidai da shi. Kada a kwashe su duka a tura shafin farko, Google kan ɗauki hakan tamkar shafin ya ɓata.

Ga mai shagon da ake zuwa da ƙafa, kada a manta da Google Business Profile, wanda ke sa ka fito a taswira. A can abubuwa uku ake dubawa: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara, kuma mahaɗa na cikin abin da ke gina shaharar. Sunan shago da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina aka rubuta su.

Na ga hannu a can. Na'am, Hajiya?

Tambayarta ita ce, ta duba ta ga wasu shafukan ƙasashen waje da ba ta sani ba suna nuno shafinta, ko ta goge su? Hajiya, kusan kowane shafi yana da irin waɗannan, injina ne ke watsa su, kuma Google ya saba watsi da su. Akwai wata kafa da aka buɗe a 2012 ta barranta daga mahaɗa, inda za ki loda jerin shafukan da kike cewa ba ruwanki da su. Amma an yi ta ne don wanda aka sa wa hukunci, ko wanda ya san an taɓa saya masa mahaɗa da yawa. In kika shiga ba da sani ba, za ki iya barranta daga masu amfanin ma, shafin ya sauka. Ki fara duba sashen hukunci. In babu komai a wurin, kuma ba ki taɓa biyan kowa ya sayo miki ba, ki bar su yadda suke.

Alhaji kuma yana tambayar tsawon lokaci. Sai Google ya sake ziyartar shafin da ya nuna ka sannan zai ga mahaɗar. Jarida mai fitar da labari kullum, kwana ɗaya ko biyu. Shafin makarantar da ba a taɓa shi sai sau ɗaya a zango, yana iya ɗaukar makonni. Ka rubuta ranar da aka saka kowace mahaɗa, ka zaɓi kalmomi biyar da kake so a same ka da su, ka duba matsayinsu a Search Console bayan wata uku, ka gwada da na watanni ukun da suka gabata. Kada ka auna da wayarka, don tana la'akari da inda kake tsaye da abin da ka saba nema, za ta iya nuna maka shagonka a sama alhali mai nema daga wata unguwa bai gan ka ba.