Hira a Gareji: Za a Iya Miƙewa Tsaye a Cikin Bas ɗin?

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Katsina ta Dikko. Yau ina tare da Auta, ga kuma Baba mai walda mun tare shi kafin ya koma kan aiki. Baba, barka da rana.

Baba: Barka kadai. Ku yi taku, ƙarfe na jira na.

Auta: Baba, bidiyo nake ta gani na mutanen Amurka, su sayi tsohuwar bas ɗin makaranta, mai ruwan ɗorawar nan, su mayar da ita gida: gado, kicin, har da banɗaki. Na ce wa Yaya mu ma mu samu Homa mu yi, lokacin hawan Sallah mu tafi Daura ba neman masauki.

Baba: Homa? Ita HiAce, ko mai dogon kai ce, cikinta bai fi mita 1.6 ba. A sunkuye za ki yi ta yawo. Kwana dai za a yi, amma girki a tsaye, sai dai a waje.

Yaya: To Kosta fa?

Baba: Yanzu ka zo. Tsohuwar Kosta tana kai kusan mita 1.83, ƙafa 6 ke nan. Wadda Toyota ta fitar a 2017 an ƙara mata santimita 6. Amma fa wannan awon na tsakiya ne, inda fasinja ke wucewa, kuma kafin a sa komai.

Auta: Me zai rage shi?

Baba: Zafin garin nan. Ki shiga motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu, ki ɗora tafin hannu a rufin, da kanki za ki janye. Dole a liƙa soso mai kauri a sama, a rufe da silin. Ƙasa ma a shimfiɗa katako, a bi da leda. Inci 2 a sama, inci 1 ko 2 a ƙasa, sun tafi. Mai ƙafa 6 sai ya sunkuya ke nan.

Yaya: Ba a ma zo kan hula ba. Ni da zanna bukar nake sallah, sai na tsaya ƙiyamu wuya a karkace?

Baba: Ka ga abin da nake faɗa. Kuma rufin a lanƙwashe yake, yana gangarowa gefe. To a gefen nan ake kafa murhu da wurin wanka, shi kuma wurin wankan sai an ɗaga daɓensa don ruwa ya samu hanyar fita. Can za ka kai tef ɗinka, ba tsakiya ba. Fankar sama kuwa ku manta da ita.

Auta: Su can na ga suna yanke rufin ɗungurungum su ɗaga.

Baba: Suna yi. Bas ɗin makarantar tasu ƙafa 6 ce zuwa 6 da rabi a ciki. Sai su yanke ginshiƙan da ke tsakanin tagogi, su ɗaga da jak ƙafa 1 ko fiye, su yi ƙari da sabon ƙarfe. Ni dai ba na son yi wa Kosta haka. Ginshiƙan nan su ke riƙe rufi in mota ta kife, Allah Ya kiyaye. Nauyi kuma in ya koma sama, wajen shan kwana sai ta riƙa rinjaya.

Yaya: Ga sola a kai, ga na'urar sanyi.

Baba: Ga wayoyin lantarkin lungunan cikin gari da suka yi ƙasa-ƙasa. Wata rana ka fito da wayar unguwa guda a kan motarka.

Auta: To Baba, in mun samo Kostar za ku duba mana?

Baba: Ku kawo ta ranar Asabar da hantsi. Yayanki ya zo da hularsa a kai, shi zan fara aunawa kafin motar.