Kitsen da Gwaggo ta tambaye ni

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, firizan ɗakin gwajinmu ne, ba ya hutawa. Yau Asabar, ni kaɗai ce a nan Thuwal, wani gari a Saudiyya.

Jiya na je Jidda gaida Gwaggo. Muna cin kabsa ta ce, "'Yar nan, an ce a kan kitse da cutar daji kike karatu. To in daina cin fatar kaza ke nan?" Na yi dariya har na ƙware. Na ce Gwaggo ci abinki, ba wannan kitsen ba ne.

Bari in matso da kyamara. Kun ga faifan nan mai ruwan hoda? Ƙwayoyin kansar mama ne muke kiwo a ciki. Kowace ƙwaya tana da fatar da ta lulluɓe ta, fatar kuma da maiƙo aka yi ta. Wani ɓangare na maiƙon ɗan aike ne. Akwai sinadarin da ake kira PI3K, wanda ɗakin binciken Lewis Cantley a Amurka ya gano a 1988. Aikinsa shi ne ya liƙa wa wannan maiƙon, mai suna PIP2, wani ɗan sinadari da ake kira fosfet guda ɗaya, ya koma PIP3. Da zarar PIP3 ya taru, sai ya kira wani sinadari mai suna AKT, shi kuma ya ce wa ƙwayar: ci, girma, haihu, kar ki mutu. Totur ke nan. Birkin kuwa PTEN ne, mai cire fosfet ɗin. A masu kansa da yawa, ko dai totur ya maƙale, ko birki ya tsinke.

Saboda haka masana suka ce a toshe hanyar. A 2014 Amurka ta amince da maganin idelalisib mai toshe PI3K don wani nau'in kansar jini. A 2019 aka amince da wani maganin, alpelisib, ga masu kansar mama da ke da canji a PIK3CA, wato ƙwayar halittar gado da ke ƙera wani ɓangare na PI3K, wajen kashi 40 cikin 100 na nau'in da ke bin sinadarin mata.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Wannan hanyar dai ita insulin ke bi ya shigar da suga cikin tsoka. Ka toshe ta, suga ya hau. Jiki ya ga haka ya ƙara zubo insulin, insulin ɗin ya je ya sake taɓo hanyar da kake wahalar rufewa! Ni a ganina nan ne aikin yake, musamman a ƙasa irin Saudiyya da ciwon suga ya yi katutu.

Gwaggo ma tana da shi. Da na gama yi mata bayani, shiru ta yi, ta ture gwangwanin Pepsi gefe, ta ja farantin kazar gabanta.

Kai, agogona ya buga. Bari in sa safar hannu in canza wa ƙwayoyin nan ruwa.