Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Likitocin Cutar Shawara a Kuba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar yau ta fito ne daga wani ɗalibin aikin jinya a Damagaram. Ya ce ya ga wani zane na likitocin sojan Amurka sun kewaye wani mutum ana ɗora masa sauro a hannu, yana tambaya: haka abin ya faru, kuma ina mai zanen ya samo labarin?

To, malam, zanen da ka gani na Dean Cornwell ne, kamfanin magunguna na Wyeth ya sa shi ya yi, kusan shekara 40 bayan aukuwar lamarin. Gwajin kansa gaskiya ne. Ranar 27 ga Agusta 1900 a ƙasar Kuba, Dakta Jesse Lazear ya bari sauron da ya ciji mai zazzaɓin shawara ya ciji abokin aikinsa James Carroll. Carroll ya kwanta, da ƙyar ya sha. Shi kuwa Lazear cutar ta kama shi, ya rasu ranar 25 ga Satumba yana da shekara 34.

Sai dai taron da ke cikin zanen bai taɓa haɗuwa haka ba. Manjo Walter Reed, shugaban ayarin, yana Washington a ranar. Mai zanen ne ya tattaro su wuri guda don karramawa.

Wanda ya yi wahalar binciken tarihin da mai zanen ya dogara da shi, shi ne Dakta Philip Hench na asibitin Mayo da ke Amurka. Ya yi shekaru yana tara wasiƙu da tsofaffin hotuna, yana neman waɗanda suka ba da jikinsu aka yi gwajin da su, irin su John Kissinger da John Moran, yana jin labarin daga bakinsu. Ya yi ta zuwa Kuba har ya gano inda sansanin gwaje-gwajen da aka sa wa sunan Lazear yake, da ɗakin katakon da wasu suka kwana dare 20 cikin zannuwan da majinyata suka ɓata da amai, ba wanda ya kamu. Wannan ne ya tabbatar ba tufafi ke yaɗa cutar ba. Takardun Hench suna jami'ar Virginia har yau.

Idan ka sake duba zanen, ka nemi dattijon nan mai farin saje, Dakta Carlos Finlay, ɗan Kuba. Tun 1881 yake cewa sauro ne, likitoci suka yi biris da shi kusan shekara 20, kuma daga hannunsa ayarin Reed suka karɓi ƙwayayen sauron da suka yi aiki da su. A ganina, duk zanen da ya tura shi gefe bai yi masa adalci ba, kuma mutanen Kuba suna da hujja da suke dagewa a kan haka.

Sai wasiƙa ta gaba.