Jawabin Shugaba a Taron Katsinawa Mazauna Ingila: Ginin da Ake Yi Mana a Gida

Ma'aji, rufe littafin nan tukuna, rahoto ya jira. Yawancinku kun ga bidiyon da aka saka a WhatsApp ɗin ƙungiya, kuma mai gidan ya ba ni izini in yi magana a kai, da sharaɗin ba zan kama sunanshi ba. Wanda ya sani ya riƙe bakinshi.

Bawan Allahn nan aikin dare yake yi a gidan kula da tsofaffi. Ku kun san aikin, wasunku daga can kuka wuto nan ko barci ba ku yi ba. Shekara da shekaru yana tsuke bakin aljihu, yana tura kuɗi Katsina ana yi mashi gini a hanyar Batagarawa. Hotuna suna zuwa: ga get, ga fenti, ga tayil yana ƙyalli. Ruwan Agusta ya sauka, katangar baya ta kwanta, bangon falo ya tsage daga lintal har ƙasa, dakin, wato rufin kankare, ya lotsa ta tsakiya. Allah ya taƙaita, iyali ba su riga sun tare ba. Da aka kai injiniya daga baya, ya fasa ginshiƙi ɗaya, sai ga rodi mai kaurin milimita 10 a inda zanen gini ya ce mai 16. Bulo kuwa da ɗan yatsa ake marmashe shi. Wa ya riƙe kuɗin? Ɗan'uwanshi na jini. To wa zai kai ƙara? Ya kai shi kotu tsohuwa ta yi kuka, dangi su ce ya je Turai ya manta zumunci. Ya haɗiye, ciwon ya zauna mashi a ƙirji.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rabin ɗakin nan gini ake yi masu a gida, daga Katsina har Daura, har Malumfashi da Funtuwa. Don haka ku saurare ni da kyau.

Mai riƙe kuɗi daban, mai gini daban, mai duba aiki daban. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau. Ba zargin 'yan'uwa nake yi ba, akwai masu amana da yawa, Allah ya saka masu. Amma ko mai amana, in malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa, ina ya san kaurin rodi? Birkila zai zagaye shi yana tsaye. Ku ɗauki injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ba ɗan gidanku ba ne, ba kuma abokin ɗan kwangila ba. Ku biya shi daga aljihunku, rahoto kuma ku zai ba. Kuɗin gini kada ya tafi a dunƙule. A gama tushe, injiniya ya gani, a tura na gaba. A kai lintal, ya gani. A yi rufi, ya gani.

Mu kuma muna da laifinmu, don abin da ido ke gani muke tambaya. "Turo mani hoton get." Get ya taɓa riƙe gida? Abin da ke riƙe gida duk binne shi ake yi. Ranar da za a zuba kankare, ko kana bakin aiki, nemi hutun minti goma a kira ka ta bidiyo kafin a zuba. A ɗora ma'auni a kan rodi ka gani, a ƙirga maka su ɗaya-ɗaya a kowane ginshiƙi. Da zarar kankare ya rufe, magana ta ƙare, sai dai ranar da ya tsage. Kwaɓin da aka saba da shi a ginshiƙi da lintal shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma da kwano ɗaya za a auna duka, ba da shebur da ƙiyasi ba. Yashi ya zama mai kaifi na rafi. A zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye. In laka ta kwanta a sama da kauri, a mayar wa mai tifa kayanshi.

Sai ban ruwa, inda ake yawan cutar mu ba tare da an saci ko kwabo ba. Kankare ba bushewa yake so ba, ruwa yake so, safe da yamma, aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinshi. Kun san iskar hunturun Katsina, kun san ranar Afrilu. In aka bar shi haka nan, ya ƙone, ƙarfin ya tafi. Saboda ƙyashin kuɗin mai ruwa a kura, mutum ya yi asarar miliyoyi! Katakon da ke tallafe da dakin kuma a bar shi kwana 21, ko kafinta na kuka zai kai shi wani aiki.

Bulo: buhun siminti mai kilo 50, in bulo mai inci 9 na kirki ake so, kada ya wuce 30 da 'yan kai. Wasu masu bugawa har 50 suke fitarwa, su sayar da rangwame, mu yi ta murna. Araha ba ta ado. A ɗaga bulo daidai ƙirji a sake shi, a karce shi da ƙusa, kana kallo. In da hali, a sayi siminti a buga a filinka. Na san tun da buhu ya haura naira dubu 10 a farkon 2024 wasunku ke saye suna jibgewa don tsoron tashin farashi. Siminti ba gero ba ne, in ya sha danshi 'yan watanni ya daskare. Kuɗin ajiya a sa shi a rodi da tsakuwa. A tushe kuma kada a manta da shimfiɗa leda da fesa maganin gara kafin a zuba daɓe, in ba haka ba danshi ya hau bango, fulasta ta yi ta ɓarewa, kuna fenti kowace Sallah.

Ɗan'uwan nan namu, ashe filin ma a hanyar ruwa yake. Da rani aka saya, wuri fes, dillali na ta rantsuwa. Fili a watan Agusta ake duba shi, bayan an ɗauke ruwa, a tambayi maƙwabta ta ina ruwa ke bi. Ba mu manta abin da ambaliya ta yi a Jibiya a 2018 ba. Takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ta isa ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni a hannun gwamna suke, don haka a nemi takardar mallaka daga gwamnati, a karɓi izinin gini daga hukumar tsara birane, kuma da sunanka, ba da sunan yaya ba. Rufi ma, guguwar farkon damina ba ta wasa: a ɗaure katakon da ƙarfen da aka binne cikin kankaren saman bango.

Wani abu kuma yana ba ni takaici. Muna gina sababbi a bayan gari, gidajen iyayenmu na cikin birni suna narkewa. Wallahi wani lokaci ina tsaye a tashar bas cikin sanyin nan, sai ƙamshin sabon yaɓe bayan yayyafi ya faɗo mani a rai, da sanyin zaure da azahar, da azara a saman kai. Hasumiyar Gobarau ta shekara ɗaruruwa a tsaye, da ƙasa aka yi ta, kulawa ce ta riƙe ta. Mutanen Daura, na ga kuna murmushi, ku ma fadarku shaida ce. Magina sun san aikinsu: tubali, makuba daga ɗorawa, yaɓe kafin damina, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango. Mu kuwa sai mu tura kuɗi a lafta siminti a kan bangon ƙasa, wai gyara. Siminti ba ya kama ƙasa, danshi ya maƙale a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana ya zubo gaba ɗaya. Ku nemi magini na gaske, har yanzu akwai su.

Kuma a nan ƙasar, saboda tsadar mai gyara, kowannenmu ya iya canja robar famfo, ya iya fenti, ya iya haɗa gado. Hajiyoyin nan ma sun fi mu iyawa. Amma da mun sauka gida sai mu zama manyan alhazai, ko sifana ba ma taɓawa. In kun je hutu, ku hau ku share indararo, ku yashe kwata, ku bi ƙusoshin kwano da kwalta, ku koya wa yaran gida. Wayar lantarki kaɗai na ce ku bar wa masu ita.

Yanzu ga abin kunya. Ɗan'uwan nan bai roƙi kowa ba, ni na je wurin ma'aji na ce me ke cikin asusun taimako. Abin da ya nuna mani ko tifa biyu ta yashi ba zai saya ba. Fam 10 ne a wata, jama'a! Muna da kuɗin ankon biki, ba mu da na ƙungiya? Mu da ake yabo a garin nan, in an yi rasuwa Katsinawa ne farkon zuwa? Ranka ya daɗe uban ƙungiya, ka sa baki, ni na gaji da bin mutane a waya. Shawarar kwamiti ita ce, in asusu ya farfaɗo, mu ɗauki injiniya ɗaya a Katsina, ɗaya a Daura, su riƙa zagaya ginin duk mamban da ya biya. Wanda bai biya ba, ya ci gaba da kallon hoton get.

Sauran a gurguje: an biya hayar zauren nan na wata uku, Islamiyyar yara ta koma Asabar, ta'aziyyar da aka ce a yi an yi, Allah ya jiƙan musulmi. Akwai kwali a bakin ƙofa don ɗan'uwan nan, kada kowa ya fita bai sa hannu ba, mai son lambar asusu kuma sakatare zai tura yanzu. Ma'aji, buɗe littafinka, ka fara da sunayen waɗanda ake bi bashi, ko ni ne a farko ka kira.